Aikatau da Abin da Ke Bin Sa: Jagora ga Mai Son Gyara Turancinsa

A wasiƙun ofis da takardun neman aiki da ake rubutawa da Turanci a Nijeriya, da wuya a rasa jimla irin wannan: “I am writing to request for a loan to enable me complete my house.” Kowace kalma a cikinta Turanci ce, ba a yi kuskuren harafi ko ɗaya ba, kuma manajan banki zai gane abin da ake nufi. Amma malamin da ke duba takardun WAEC ko NECO zai sa jan biro wuri biyu. Aikatau “request” ba ya ɗaukar “for”, shi kuwa “enable” ba ya tafiya sai da “to” kafin aikatau na biyu. Mai wasiƙar ya sa ƙaramar kalma inda ba a nemanta, ya cire ta inda ake nemanta.

Irin wannan kuskure ba na rashin sanin ma'ana ba ne. Tun daga firamare ake sa yara su rera “go, went, gone” har ya zauna musu a ka, amma ba a cika gaya musu cewa kowane aikatau yana da abin da ya yarda ya biyo bayansa da abin da bai yarda da shi ba. Wani suna yake so kai tsaye, wani sai da 'yar kalma a tsakani, wani yana son “to”, wani “-ing”. Wanda ya san ma'anar aikatau bai san abin da ke bin sa ba, kamar wanda ya sayi kwaɗo ne ya baro makullin a kasuwa.

Wani Bature malamin Turanci, A. S. Hornby, ya lura da wannan matsala tun yana koyarwa a Japan. Ɗalibansa sun san kalmomi da yawa, haɗa su ne ke ba su wuya. Shi ya sa ya kasa aikatau na Turanci gida 25 bisa abin da ke bin su, ya sa wannan tsari cikin ƙamusun da aka fara bugawa a Tokyo a 1942, wanda Oxford ta sake bugawa a 1948. Jikan wannan ƙamus shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary da ke cikin jakar ɗalibai da yawa yau. Ba sai ka haddace gida 25 ba. Kaɗan daga ciki ne ke kayar da Bahaushe, kuma akwai dalilin da ya sa su ɗin ne.

Abin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna cewa “ya sayi doki”, “ya saye shi”, “abin da ya saya”, kuma ba yaron da zai ce “ya sayi shi”. Ƙarshen aikatau na Hausa yana canzawa gwargwadon abin da ke biye, har masanin Hausa F. W. Parsons ya kasa su aji bakwai a 1960. Kunnenka ya riga ya saba da wannan aiki. Abin da ya rage shi ne ka san inda Hausa za ta kama hannunka da inda za ta yaudare ka.

Suna kai tsaye, ko da 'yar kalma a tsakani

Akwai aikatau da ke ɗaukar karɓau ba tare da komai a tsakani ba, amma mu sai mu cusa musu wani abu. Manyan su ne “discuss”, “request”, “emphasise”, “comprise”, “resemble” da “marry”. Daidai shi ne “We discussed the budget”, “She requested a transfer”, “He emphasised the point”. Ruɗanin yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko, da Hausa mukan ce “mun tattauna a kan kasafin kuɗi”, sai “a kan” ta bi mu cikin Turanci ta zama “about”. Ta biyu, sunayen da aka samo daga waɗannan aikatau suna ɗaukar 'yan kalmomin nan: “a discussion about”, “a request for”, “emphasis on”. Ke nan “I made a request for a loan” daidai ne, “I requested a loan” ma daidai ne, gauraya su ne laifi.

Sai kuma akasin haka, inda Hausa ba ta sa komai amma Turanci ya tilasta. Muna cewa “saurare ni”, “jira ni”, “dube shi”, “amsa wasiƙata”. Turanci kuwa sai “listen to me”, “wait for me”, “look at him”, “reply to my letter”. Wannan na ƙarshe ya fi yawa a saƙonnin waya: “Why didn't you reply my message?” Idan ba ka son “to”, ɗauki “answer”, shi ba ya bukatarta: “answer my message”. Ma'anarsu kusan ɗaya, ɗabi'arsu daban, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba daga ma'ana ake gano tsarin ba.

Ka kuma yi hattara da “da” ta Hausa, domin ba kullum take zama “with” ba. “Na dogara da kai” shi ne “I depend on you”. “Na tuna da shi” shi ne “I remembered him”, ba komai a tsakani. Matar aure kuma “married to” mijinta take.

Mutum da abu a jimla ɗaya

A nan Hausa da Turanci sun yi canjaras. “Na ba Ladi kuɗi”, “I gave Ladi money”: mutum a gaba, abu a baya. Haka “send”, “show”, “tell”, “lend”, “buy” da “cook” suke. Idan ka juya ka sa abu a gaba, to sai 'yar kalma ta shigo. Inda abu ke barin hannu ya koma wani hannu, “to” ce: “I gave the money to Ladi.” Inda aka yi aikin domin wani, “for” ce: “I bought a wrapper for my mother.”

Tarkon yana wurin “wa” da “ma” na Hausa, waɗanda ke shiga kusan ko'ina: bayyana mini, faɗa mini, kwatanta mini. Sai mutum ya ce “explain me the matter”. Akwai rukunin aikatau da ba su yarda mutum ya zo musu kai tsaye ba: “explain”, “describe”, “suggest”, “announce”, “report”, “introduce”, “say”. Dole sai “explain the matter to me”, “describe the thief to us”. Yawancinsu dogayen kalmomi ne da Turanci ya aro daga Latin ko Faransanci, wannan zai iya taimaka maka ka tuna. “Say” ce ta fita zakka, gajera ce kuma 'yar gida, amma tana cikinsu. Saboda haka “He told me” ko “He said to me”, amma ban da “He said me”. Shi kuwa “tell” yawanci yana son a ambaci wanda aka gaya wa: “She told us that the road was bad”, ba “She told that” ba.

“Borrow me your biro” kuwa, babu ajin da ba a jin ta. Hausa da saiwa ɗaya take aiki, ƙarshen kawai take canzawa: na ari biro, ya ara mini biro, na ranci kuɗi, ya ranta mini kuɗi, na koyi ɗinki, ya koya mini ɗinki. Turanci kalmar gaba ɗaya yake canzawa. Mai karɓa “borrow something from somebody” yake yi, mai bayarwa “lend somebody something”. Ɗalibi “learn”, malami “teach”. Duk inda za ka ce “mini” ko “masa” da Hausa, “lend” ko “teach” ake so.

Idan aikatau biyu suka haɗu

Nan ne aikin yake, nan ne kuma masu shirya tambayoyin JAMB suka fi kafa tarko. Idan aikatau ya biyo wani, na farkon ne ke yanke hukuncin siffar na biyu.

Rukuni na farko yana son “to”: “want”, “hope”, “decide”, “plan”, “promise”, “agree”, “expect”, “refuse”, “fail”, “manage”, “afford”. Ka lura yawancinsu suna kallon gaba ne, aikin da ba a riga an yi ba. Da Hausa sau da yawa a irin wurin nan mukan ce “in”, “ka”, “ya” ko “zan”: ina so in tafi, “I want to go”, ya yi alkawari zai biya, “He promised to pay”.

Rukuni na biyu yana son “-ing”: “enjoy”, “finish”, “avoid”, “keep”, “mind”, “deny”, “admit”, “practise”, “miss”, “risk”, “give up”, “suggest”, “consider”. Siffar “-ing” a nan suna ce, daidai da “cin”, “shan”, “karatu” da “tafiya” na Hausa. Na gama cin abinci, “I have finished eating”. Ka guji yin gardama, “avoid arguing”. Ya musanta ɗaukar kuɗin, “He denied taking the money”.

Wannan kwatanci da Hausa yana taimako, amma kada ka ɗauke shi doka. Muna cewa “ya ƙi zuwa” da “ya kasa zuwa”, Turanci kuwa “He refused to come” da “He failed to come”. Haka “suggest” da “consider” gaba suke kallo, duk da haka “-ing” suke ɗauka: “I am considering selling the farm.” A ganina “suggest” ya fi kowane aikatau taurin kai, domin ba ya ɗaukar “to” kafin aikatau ta kowace fuska. Ko dai “I suggest leaving early”, ko “I suggest that we leave early”. “I suggest you to leave” kuskure ne komai daɗinta a kunne.

Wasu ba ruwansu, kowanne ka ba su sun karɓa: “begin”, “start”, “continue”, “like”, “love”, “hate”, “prefer”. Kada ka ɓata lokaci a kansu. Abin kiyayewa ɗaya ne, idan “would” ta shigo sai “to”: “I would like to see the manager.”

Akwai kuma 'yan kaɗan da ke karɓar duka biyu amma ma'ana ta juye, kuma su ne suka cancanci a zauna a kansu. “He stopped smoking” na nufin ya daina shan taba. “He stopped to smoke” na nufin ya tsaya domin ya sha taba. Likita zai yi murna da na farko, ba zai yi da na biyu ba. “Remember to lock the shop” umarni ne, ka tuna ka kulle shago, ba a kulle ba tukuna. “I remember locking the shop” kuwa an riga an kulle, ina tune da lokacin da na yi. “Forget” ma haka yake tafiya. “Try to open the window” shi ne yi ƙoƙari ka buɗe, wataƙila ta cije. “Try opening the window” shi ne gwada buɗewa mu gani ko zafin zai ragu. Buɗewar ba wuya, sakamakon ake jira. “We regret to inform you” ita ce buɗin wasiƙar da ba wanda ke son samu, yanzu za a faɗi labari marar daɗi. “I regret telling him” nadama ce kan abin da ya wuce. In ka duba da kyau, a “remember”, “forget” da “regret”, “to” na nuna aikin da ke gaba, “-ing” na nuna wanda aka baro a baya.

Sa wani ya yi abu

“Ina so ka zo.” Jimlar nan ta Hausa tana da sassa biyu, kowanne da mai aikinsa, shi ya sa ɗalibi kan ce “I want that you come” ko “I want you should come”. Turanci yana ɗaukar mutumin ya mai da shi karɓau, sannan ya kawo “to”: “I want you to come.” Haka “ask”, “tell”, “advise”, “allow”, “enable”, “force”, “encourage”, “remind” da “warn”. In za a kore, “not” na zuwa kafin “to”: “I told him not to go.”

Biyu ne suka yi tawaye, “make” da “let”, kuma su ne aka fi amfani da su. Ba sa son “to” ko kaɗan: “The news made her cry”, “Let me go”. “It made me to laugh” ta yaɗu ƙwarai a Nijeriya, har a jaridu, amma a jarrabawa kuskure ce. Ka haɗa su bibbiyu a ranka: “let him go” amma “allow him to go”, “make him pay” amma “force him to pay”. Idan aka juya jimlar “make” ta zama ba a ambaci mai aikin ba, “to” sai ta dawo: “We were made to wait.” “Help” kuwa mai sauƙin kai ne, “help me carry it” da “help me to carry it” duk sun yi. Na hani su kuma “from” suke so da “-ing”: ya hana ni shiga, “He prevented me from entering.”

Aikatau na gani da ji suna da bambancin da Bahaushe zai gane nan take, domin muna da irinsa sak. “Na ga ya tsallaka titi” na nufin na ga aikin har ƙarshensa: “I saw him cross the road.” “Na gan shi yana tsallaka titi” na nufin na tarar yana cikin yi: “I saw him crossing the road.” Duk inda za ka ce “yana” ko “tana”, sa “-ing”. Mai ba da shaida a kotu ya kamata ya san wannan bambanci, domin ganin mutum yana buɗe akwati daban ne da ganin ya buɗe shi.

“To” iri biyu ce

Doka ɗaya da ba ta da togaciya a wannan fage ita ce, bayan 'yan kalmomi irin su “in”, “on”, “of”, “for”, “about” da “without”, aikatau “-ing” yake ɗauka: “He insisted on paying”, “They accused him of lying”, “She left without eating”. Matsalar ita ce “to” wani lokaci cikin wannan rukuni take, kamar “to” ta “go to Zaria”. Shi ya sa ake rufe wasiƙa da “I look forward to hearing from you”, ba “to hear” ba. Haka “object to paying”, “committed to serving”, “with a view to reducing”.

Ga gwajin da zai raba maka gardama. Sa suna bayan “to” ɗin, ka ji ko ta zauna. “I look forward to the holiday” ta zauna, saboda haka “-ing” za ta biyo. “I want to the holiday” ba ta zauna ba, saboda haka aikatau tsura ake so.

Da wannan gwaji za ka warware “used to”. “I used to live in Gusau” na nufin a da ina zaune a Gusau, yanzu na tashi. “I am used to living in Gusau” na nufin na saba da zaman Gusau. Abin da babu shi sam shi ne “I use to go there every Friday” da nufin “nakan je”. Turanci ba shi da takwarar “kan” ta yanzu. Sai dai “I go there every Friday” ko “I usually go there”.

Wannan ya kawo mu ga “ina” ta Hausa. Mun saba “ina tafiya” ita ce “I am going”, sai mu zarce: ina da mota, “I am having a car”; ina jin ka, “I am hearing you”; yana bi na bashi, “I am owing him”. Aikatau na mallaka, sani, so da ji ba su cika ɗaukar “-ing” ba idan hali suke nunawa: “I have a car”, “I can hear you”, “I owe him money”, “I understand”. “Have” kan ɗauki “-ing” ne kawai idan ta bar ma'anar mallaka, kamar “We are having lunch”.

Wane Turanci ne daidai?

Wani zai ce, tunda miliyoyin 'yan Nijeriya na faɗin “reply my letter” kuma ana fahimtar juna, ina laifin? Tambaya ce mai ƙarfi. David Jowitt ya tattara irin waɗannan siffofi a littafinsa Nigerian English Usage na 1991, kuma a Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya karɓi kalmomin Nijeriya 29, ciki har da “okada” da “danfo”. Su kansu masu harshen ba bakinsu ɗaya ba: Ba'amurke zai ce “write me”, mutumin Ingila ya ce “write to me”. Tsarin aikatau al'ada ce, ba wahayi ba. Sai dai ƙamus ya fi saurin karɓar sabuwar kalma fiye da sabon ginin jimla, kuma mai duba jarrabawa, da mai tantance takardar neman gurbin karatu a waje, da ma'aunin ƙamus suke aiki. A hira da abokai yi yadda ka ga dama. A takarda, bi abin da ƙamus ya ce.

Yadda za ka zaunar da su

Fara da koyon karanta ƙamus na masu koyo, na takarda ko na waya. Yawancin mutane ma'ana kawai suke dubawa su rufe. A ƙarƙashin kowane aikatau akwai 'yan gajerun alamomi: “sb” na nufin mutum, “sth” na nufin abu. Idan ka ga “accuse sb of sth” ko “allow sb to do sth” ko “enjoy doing sth”, to an ba ka ginin jimlar gaba ɗaya. Harafin T na nuna aikatau mai ɗaukar karɓau kai tsaye, I kuma wanda ba ya ɗauka.

Sannan ka ware littafi guda. Kada ka rubuta aikatau shi kaɗai da fassararsa. Rubuta shi da jelarsa, “prevent sb from doing sth”, ka bi shi da jimloli biyu ko uku daga rayuwarka, da sunan unguwarku da sana'arka da mutanen gidanku. Jimlar da ta shafi kuɗin makarantar ƙanenka ta fi zama a ka fiye da ta littafi. Karanta su da ƙarfi, domin kunne ake so ya saba har kuskure ya riƙa yi masa kaushi, kamar yadda “ya sayi shi” ke yi maka. Aikatau uku a rana sun wadatar. Wanda ya ɗebi hamsin a zama ɗaya, ranar Juma'a ba zai tuna biyar ba.

In kana sauraron labarai da Turanci ko karanta littafi, ka riƙa kasa kunne ga abin da ya biyo aikatau, ba aikatau kaɗai ba. In kuma ka gama rubutu, ka bi shi sau ɗaya ba don komai ba sai wannan: ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ka dubi kalmar da ke damansa, wadda ka yi shakka ka buɗe ƙamus.

Shafin farko na littafin naka, ka buɗe shi da waɗannan goma, domin su suka fi cin makin ɗalibanmu: “discuss”, “request”, “reply”, “explain”, “suggest”, “enable”, “make”, “lend”, “stop” da “look forward to”.